Kawu Mai Wayarin Babura Da Tambayoyinsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa da ke bayan rijiyar Kusugu a Daura, aka yi masa sutura bayan azahar. Jama'ar da ta raka shi ta fi yadda muka zata, kuma rabinsu a kan babura suka zo, har aka rasa wurin ajiye su a ƙofar gida, sai a bakin masallacin unguwa aka jera sauran.

Ranar farko ta zaman makoki kowa ya kama bakinsa. Mutum zai zo ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne." Mu ce amin. A rana ta biyu ne bakuna suka fara kwancewa. Wani ɗan acaɓa mai furfura a gemu ya gama addu'arsa, ya gyara zama a tabarma, ya ce, "Allah ya gafarta masa. Amma ni dai ya taɓa zaunar da ni tun hantsi har la'asar a kan hon."

Wani dillalin shanu da ya zo daga Mai'adua ya karɓe. "Ai kai ka ci sa'a. Ni kwana biyu babur ɗina ya yi a wurinsa. Da na dawo ya ce in buɗe hannu, ya zuba mini garin tsatsa a tafin hannun, ya ce ga cutar nan, in tafi da ita gida in nuna wa iyalina."

Limamin unguwa ya yi gyaran murya, ya tuna mana cewa mamaci da alheri ake ambatonsa. Kowa ya ce haka ne, Allah gafarta malam. Can sai liman da kansa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ma dai a kan fitilar babur ɗin nan nawa, sau uku ya sa na maimaita bayani, kamar ina gaban alƙali."

A cikin gida ma haka aka kwashe. Wata baƙuwa ta ce wa Innata ai marigayi mai sanyin hali ne, ba ya gardama da kowa. Inna ta dube ta ta ce, "Yayan nawa? Ki dai yi masa addu'a, baiwar Allah, kada ki ɗora masa kayan da bai ɗauka ba."

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki biro. Na ga in aka bar shi a hannun masu ladabi, nan da shekara za a mayar da shi wani salihin tsoho mai murmushi wanda babu wanda ya taɓa sani, shi kuma na gaskiyar ya ɓace. Kawu ya ba ni haushi fiye da duk wani mahaluki da na sani, kuma ba na so a manta da shi.

Rumfarsa tana ƙarƙashin wata darbejiya a bakin hanyar tasha, fallen kwano huɗu a kan itace, da benci guda mai karyayyar ƙafa da aka tokare da bulo. Aikinsa wutar babur ce kawai. Ba ya taɓa inji, ba ya faci, ko sarƙa ce ta saki sai ya nuna maka rumfar gaba da haɓa. Batir, fis, makunni, hon, fitila, sitata, da wayoyin da ke haɗa su, nan ya tsaya, nan kuma ya tsufa.

In ka turo babur ba zai tashi ba. Sai ka gaishe shi, ka zauna, sannan a buɗe shari'a. Yaushe ya fara? Da gudu ya mutu ko a tsaye? Ka shiga ruwa? Ka wanke shi? Wa ya taɓa shi kafin ni? Tambayar ƙarshen nan ita ce tarkon. In ka ce babu kowa, sai ya ɗaga kujerar babur ya leƙa, ya ga naɗin salatif da ba nasa ba, ya mayar da kujera, ya koma ya zauna. "Je ka dawo in ka shirya faɗin gaskiya. Babur ba ya ƙarya, mai shi ne yake yi."

Babban laifi a wurinsa shi ne ka zo da sunan cuta a bakinka. Ka ce masa batir ne ya mutu, zai ce, "To tunda ka sani, me ya kawo ka? Ga shago nan, sayi sabo ka ɗaura." In ka yi shiru ka ƙasƙantar da kai, sai ya miƙe da ƙyar ya ɗauko kayan aikinsa, wani kwan fitila da ya jona wa waya biyu. Ɗaya ya maƙala a jikin ƙarfen babur, ɗaya ya riƙa taɓa waya da ita. In kwan ya kama, wuta ta iso nan. In bai kama ba, matsalar tana baya. Kullum daga kan batir yake farawa, ya kankare shi tas, ya duba fis, wato 'yar wayar da ke ƙonewa don ta kare sauran in wuta ta yi yawa, ya zo makunni, sannan ya bi waya taƙi-taƙi. Ko da ka rantse masa jiya aka sa batir, sai ya fara daga can. Yakan ce wuta ba ta ɓata, hanya ake tare mata. Babbar 'yarsa ta taɓa sayo masa mitar awon wuta daga Kano. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya rataye ta a ƙusa cikin ledarta. Sai ya gama gano matsala da kwansa yake sauko da ita, wai don ya ga ko ita ma ta gane.

Maƙwabcinsa mai sayar da kayan gyara ya sha wahalarsa fiye da kowa. Mutum zai zo har ya sa hannu a aljihu zai sayi sabon hon, sai Kawu ya ɗaga murya daga benci ya ce a kawo tsohon ya gani tukuna. Ya goge bakin waya, hon ya yi ƙara, mutum ya tafi. Mai shago ya fito yana faɗa, Kawu ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji, gobe wani zai zo da wanda ya mutu da gaske." Shekaru suka yi a haka, kuma kwano ɗaya suke cin abincin rana.

Ni aikina duba lafiyar dabbobi ne, yawo ruga-ruga da ƙauye-ƙauye tsakanin Daura da Baure, don haka babur shi ne ƙafata. Kawu bai taɓa kirana da sunana ba tun da na kama aiki. Likitan awaki yake ce mini, ko a gaban wa.

Karon farko da na kai masa nawa, mutuwa yake yi in na sha kwana. Na yi kuskure na ce ina jin kwayil ne, abin da ke ba fulogi wuta. Ya bar ni a benci ya sallami mutum biyu da suka zo bayana. Da ya ga na yi laushi ya ce, "Kwanar dama ko ta hagu?" Na ce ban lura ba. Ya ce, "In Bafulatani ya ce maka saniya na ɗingishi, ba ka tambayar wace ƙafa?" Ya sa na tayar da babur a tsaye, ya ce in juya kansa a hankali. Na juya dama, lafiya lau. Na juya hagu, ya mutu. Ya kama yatsana ya ɗora a kan wata waya a wuyan babur, ya ce in matsa. Rigar wayar lafiyarta ƙalau, amma a ciki na ji ta karye. Aikin minti goma ne, ya ci mini wuni. Ya jona ta, ya gyara ɗaurin wayoyin har ƙarƙashin tanki, ya ce in tafi.

Bayan wata biyar ko shida, cikin damina, ƙanwata da ke aure a Baure ta haihu. Ana gobe suna Inna ta ɗaure kayanta tun safe, da yaji da kayan jariri, ni zan kai ta, in kuma biya in duba wata saniya a can. Sai babur ya ƙi tashi. Irin waɗanda in fis ya ƙone ko da ƙafa ka buga ba sa tashi ne. Na tura shi wurin Kawu. Ya sa sabon fis, muka tayar, na ɗan hau kai, fis ya ƙone. Ya sa na biyu, ya sa na uku, duk haka.

"Ka bar shi nan," in ji shi. "Fis ba ya ƙonewa don nishaɗi. Akwai wayar da ta tuɓe riga tana taɓa ƙarfe. Sai na sauke tanki na bi ta."

"Har yaushe, Kawu?"

"Har in gani."

"Gobe suna. Inna na zaune da kaya a ɗaure."

"Ku hau mota."

"Ka sa wani mu lallaɓa, in na dawo ka sauke duk abin da za ka sauke."

"Uku na sa a gabanka. Nawa suka rage?"

Ya zare makulli ya jefa a aljihun gaban rigarsa, ya juya ga wani. Mutane na zaune a benci suna kallo, ga ni da ɗan gemuna, da 'ya'ya biyu a gida, an ƙwace mini makulli. Raina ya ɓaci, na faɗi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na ce, "Abin da ya sa har yau kana ƙarƙashin bishiya ɗaya ke nan, sa'anninka duk sun gina shaguna." Mai shago ya leƙo ya koma. Kawu bai ɗago ba, ya ce, "Haka ne."

Na je gida na ɗauko ɗayan makullin, na dawo na ture babur ɗina a gabansa, bai ko dube ni ba. Na kai shi wata rumfa a ɗaya gefen gari. Mai rumfar bai tambaye ni komai ba, abin da ya yi mini daɗi ƙwarai a lokacin. Ya yanko waya mai kauri ya naɗa a gurbin fis, ya ce wannan kam ba za ta ƙone ba. Gaskiya ya faɗa, ita ba ta ƙone ba.

Mun yi nisa a hanyar Baure, gero ya kai gwiwa dama da hagu, mutane na ta noma, sai Inna ta taɓa kafaɗata ta ce, "Kana jin warin roba kuwa?" Na ce wani ne yake ƙona shara. Ba mu ƙara tafiyar kirki ba hayaƙi ya taso tsakanin gwiwoyina. Na taka burki na diro. Inna ta zo sauka, bakin zaninta ya sarƙe a matakin ƙafa, tiyon mai ya narke, wuta ta tashi. Na fizge ta muka faɗi tare a gefen hanya, ina kashe wutar zanin da hannuna. Manoma suka yar da fartanya suka sheƙo, suka yi ta watsa wa babur jiƙaƙƙiyar ƙasa har ta mutu. Yaji da kayan jariri duk sun tafi. Ƙaurin Inna na hagu ya saluɓe daga idon sawu zuwa kusa da gwiwa. Wani mai mota ya tsaya ya mayar da mu Daura, ya kai mu asibiti. Aka yi suna ba ta je ba, kuma tabon yana nan har yau, shi ya sa ba ta fita sai da safa.

Washegari da safe Kawu ya zo asibiti. Na miƙe na gaishe shi, ya wuce ni kamar ginshiƙi. Ya tsaya a kan ƙanwarsa, ya daɗe yana kallon ƙafar, ya yi mata sannu, ya ja kujera ya zauna. Ita ce autar ɗakinsu, da haka yake kiranta.

"Auta, wari kika fara ji ko hayaƙi kika fara gani?"

"Yaya, ƙafata ka zo dubawa ko babur?"

"Duka. Ta wane gefe hayaƙin ya fito?"

Inna ta juya fuska bango ta ce mini, "Fitar mini da kawunka." Bai jira ni ba, ya ajiye kwanon furar da ya kawo ya nufi ƙofa. Ya kai bakin ƙofa ke nan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ta hagu." Ya gyaɗa kai ya fita.

Daga ranar bai ƙara yi mini magana ba har wata daminar ta zagayo. In na gaishe shi sai ya amsa wa iska. Na tura dattawa, ya ce musu shi ba shi da matsala da kowa. Da Sallah na je har ɗakinsa na durƙusa na ba shi haƙuri a kan maganar da na faɗa, ya juya ya tambayi matarsa ko an ba tumaki ruwa. Na je ƙauyen da muka bar gawar babur don in ɗauko ta, aka ce wani tsoho ya zo da a-kori-kura tun a makon ya tafi da ita. In na wuce ta hanyar tasha ina hangen ta a bayan rumfa, an lulluɓe da buhu, ban isa in tambaya ba. Shekarar nan a motar haya da aron babur na yi aiki. Makiyayi zai kira ni da safe, in isa da yamma, wani lokaci in tarar an riga an yanka.

Wata safiya mai shagon kayan gyara ya aiko a ce mini Kawu na nemana. Na je na tarar da babur ɗina a tsaye, an sa masa wani tanki, an sake masa waya kaf daga kai har wutsiya. Kawu ya nuna mini benci. Ya ɗauko wani ƙunshi ya kwance, sai ga guntun wayoyin da suka ƙone sun dunƙule wuri ɗaya, da wata siririyar wayar ƙarfe da aka ɗaure su da ita.

"Likitan awaki, wa ya yi wannan ɗaurin?"

Na ce ban sani ba, wataƙila mutumin can ne.

"Ka sani. Duba murɗin."

Na duba. Murɗi uku, an lanƙwasa bakin ciki don kada ya soki hannu. Duk garin nan mutum ɗaya ne yake ɗauri haka.

"Ranar da na jona maka wayar wuya," in ji shi, "ni na ɗaure su a jikin ƙarfe, a daidai kaifin walda. Kullum sai na shafa wurin da yatsa kafin in ɗaure. Ran nan ban shafa ba. Kana tafiya tana gurza, har ta ci rigar." Ya mayar da ƙunshin ya ɗaure. "Laifina ya ƙona fis. Naka ya ƙona ƙanwata. Kowa ya ɗauki nasa."

Na ce, "Kawu, yaushe ka gano?"

"Kwana uku bayan na ɗauko shi."

"Shi ne ka bar ni shekara guda ina zaton maganar da na faɗa ce?"

"Maganar bishiya? Ai gaskiya ka faɗa, ga ni nan a ƙarƙashinta. Bakin da zan faɗa maka wannan nake nema, bai samu da wuri ba."

Wallahi ban san ko in rungume shi ko in tashi in tafi ba. Shekara guda ina bin dattawa, ina durƙuso, ina hawan motar kaji, ashe tsohon nan da kansa yake faɗa, ni kuma aka bar ni ina biyan kuɗin sabulu. Ban samu damar yin ko ɗaya ba, domin ya riga ya ɗauko kwansa. Ya zaunar da ni ya nuna mini kowace waya, inda ta fito da inda ta nufa, ya sa na maimaita, bai ba ni makulli ba sai da aka kira la'asar. Da yamma ya je gidanmu ya faɗa wa Inna abin da ya faɗa mini. Ta ce ta yafe, amma da ya faɗa tun bara da bakinsa bai faɗi ƙasa ba.

Mutum ɗaya na sani da Kawu yake barin rumfa dominsa. Wani gurgu ne mai gyaran takalma, yana da babur mai ƙafa uku. Shi ba ya iya buga shi da ƙafa, in sitata ta ƙi, inda yake nan zai wuni. Duk inda ya maƙale a garin nan, in saƙo ya iso, Kawu zai bar mai babur a benci da tanki a sauke, ya ɗauki kwansa ya tafi a ƙasa, yana mita tun daga rumfa har can. In ya isa kuma ba sannu ba komai, sai faɗa. "Na ce ka daina watsa masa ruwa kamar doki. So kake ka kashe ni da tafiya?" Daga baya ya ɓata kwana biyu ya yi masa wani maɓalli na biyu a ƙarƙashin kujera, da wayarsa daban, don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Mutumin ya buɗe baki zai yi godiya, Kawu ya ce ba don shi ya yi ba, don gwiwoyinsa ya yi.

Ciwon suga ne ya ci shi a hankali. Ya fara da ido. Ya kai sai ya kawo kwan dab da fuskarsa kafin ya ga ko ya kama, amma ka ce masa ya huta, ka ja wa kanka wa'azi. Kai shi asibiti kuwa yaƙi ne. Ranar da muka samu muka kai shi, likita ya saurare shi kaɗan ya fara rubutu, Kawu ya dafa takardar ya ce, "Ɗana, tambaya biyu ka yi mini. Ni a kan hon ma ina yin bakwai." Likitan mai haƙuri ne, ya ajiye biro ya yi ta tambaya har Kawu ya gamsu. Maganin dai rabinsa ya sha, ya ce yana so ya ga wanne ne a ciki yake aikin.

Da jiki ya ƙi, ya kwanta a gida mako uku. Ana jibi zai rasu, da yamma bayan la'asar, ya ce a kira ni, in zo da takarda da biro. Na tarar da matarsa da Inna da babbar 'yarsa a ɗakin, kowa ya nutsu, an san wasiyya za a yi. Na zauna a bakin gado. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na sunkuya.

"Rubuta. Akwai babur a rumfa, na mai kai burodi ƙauyuka. Batir yake shanyewa a ajiye. Wani lokaci ya kwana lafiya, wani lokaci a wayi gari babu wuta."

Inna ta ce, "Yaya."

"Ban gano ba," ya ci gaba, kamar bai ji ta ba. "Rubuta abin da na duba, kada wanda zai karɓa ya ɓata lokaci. Batir lafiya, na gwada shi a wani babur. Abin caji lafiya. Na cire hon, na cire fitilar baya, bai daina ba. Wayar ƙarƙashin tanki na bi ta da hannu sau biyu."

Matarsa ta ce, "Malam, ga 'yarka nan ta taso tun daga Kano. Ba ka da abin da za ka ce mata?"

"Allah ya yi mata albarka, ta sani. Mutumin nan da babur ɗin yake ci da iyalinsa, mako uku ke nan yana dakon burodi a ka." Ya huta, ya nemi ruwa, aka ba shi. "Wuri ɗaya ya rage. Gidan makulli. Ban buɗe ba." Sannan ya ce, "Akwai ƙananan ƙarafa a ciki. In suka zube ƙasa ba zan gan su ba. Rubuta haka nan, kada a ce mantawa na yi."

Na rubuta. Wannan ne karo na farko da na ji ya amsa da bakinsa cewa idon ya tafi. Ya sa na karanta masa daga farko, ya gyara mini wuri biyu. Sannan ya yafe wa kowa, ya nemi a yafe masa, a gajarce, kamar mai sallamar wanda ya zo a kan hon. Inna ta fita tsakar gida tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan mutum ba, a kan gadon mutuwa ma sai an yi zancen batir.

Bayan addu'ar bakwai na nemi mai burodin na ba shi baburinsa da takardar. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai wa wani mai wayarin a bakin kasuwa. Kwana biyu bayan nan ya yi sallama a ƙofar gidanmu, a kan babur, da kwalin burodi a baya. Ya ce mai gyaran ya karanta takardar, bai taɓa komai ba sai gidan makulli. Da ya buɗe ya tarar da tsatsa da danshi sun haɗa bakin ƙarfe biyu, wuta na zurarewa ko an kashe. Ya kankare, ya mayar, shi ke nan. Ya roƙe ni in shiga in faɗa wa Inna, ya ce ya ga ya kamata wani daga cikin jinin Kawu ya sani.

Na shiga na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faranti. Na faɗa mata. Ta ɗago ta dube ni, hannunta na cikin shinkafar.

"To, a can ɗin da Yaya ya ce ne ya tarar da cutar?"

"A can ne, Inna."

"Ai shi ke nan, mun shiga uku," in ji ta. "Yana kabari ma shi ne da gaskiya." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce in karɓo wa yara burodi biyu a wurin mutumin kada ya tafi haka nan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa, wanda ya faɗa da wanda bai samu bakin faɗa ba. Mu da ya bari da haushinsa da kewarsa, Allah ya ba mu haƙurin da ya yi ta ƙoƙarin koya mana a kan bencin nan, ya sa mu cika da imani.